Abokin Gaba

Gaba ba ta da hayaniya. Faɗa ne mai tara jama'a: a ɗaga murya, a cakumi wuyan riga, maƙwabta su fito su raba, kafin la'asar ka ji an ce ai sun shirya. Ita kuwa gaba sai kowa ya watse take samun wurin zama. Mata biyu a gida ɗaya, rijiya ɗaya, madafi ɗaya, igiyar shanya ɗaya, amma an shekara babu ina kwana. Ɗaya za ta kira 'yar ɗaya ta ce, "Ke, je ki ce wa uwarki ta kwashe shanyarta, zan yi tawa," alhali uwar na tsaye taku huɗu daga inda ake maganar, ta kuma ji komai. Yarinyar za ta je ta maimaita, ta dawo da amsa. Kafin ta kai shekara bakwai ta san ɗakin da ba a shiga, da kwanon da ba a sa hannu, da sunan da ba a ambata idan uwarta na kusa. Babu wanda ya zaunar da ita ya koya mata. A tsakar gidan ta tsince shi.

A rubuce, kalmar ba ta da bambanci da ɗaya gaban, wadda muke nufi idan muka ce a ci gaba, ko gaba dai gaba dai, ko gabana ya faɗi. A baki ne ake rarrabewa, domin ta ƙiyayya ana ɗan jan ta. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne aikatau ɗin da Bahaushe ya zaɓa mata. Ƙulla gaba ake yi. Da wannan kalmar ake ƙulla aure, a ƙulla zumunci, a ƙulla ciniki, a ƙulla abota. Wato igiya ce mai baki biyu, kuma sai kowane ɓangare ya riƙe nasa bakin take ɗaurewa. Mai gaba yana aiki. Dole ya tuna kullum cewa ba ya magana da wane, ya sake hanya idan ya hango shi, ya haɗiye dariya idan wanen ya faɗi abin dariya a majalisa, ya ƙirƙiri uzuri ranar sunan ɗansa. Wahala ce wadda ba a biyan kowa ladanta.

Shi ya sa ba a ce masa maƙiyi kawai ba, aka ce abokin gaba. Muna da abokin tafiya da abokin ciniki da abokin shawara, muna da abokin karawa a fagen dambe, da abokiyar zama, sunan da ake saya wa kishiya idan ana so a sassauta. A cikin wannan jerin aka sa wanda ba ka ko son ganinsa. Ina ganin akwai gaskiya a nan wadda kakanninmu suka riga mu gani: ba a gaba da baƙon da aka haɗu da shi a tasha. Sai wanda ka san gidansu, ka san muryarsa a cikin duhu, wataƙila kun ci tuwo a akushi ɗaya. Kuma saboda sanin nan ne gaba take da ƙofar fita. Ranar da aka yi masa rasuwa, ƙafarka ta san hanyar gidan ko da zuciyarka ba ta so. Za ka je ka zauna a gefen tabarma, ka ce ya haƙuri, ya ce da godiya, shi ke nan an karya. Malamai suna ta tunatar da mu cewa bai halatta a ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku ba, kuma wanda ya fara sallama shi ne mafifici. Kwana uku aka ba zuciya ta huce. Abin da ya wuce haka an san riƙo ne.

Babu inda kalmar ta yi suna kamar a siyasa. Alhaji Waziri Ibrahim, da ya kafa GNPP gabanin zaɓen 1979, taken da ya riƙe shi ne siyasa ba da gaba ba, kuma har yau ɗan siyasar da ba a haifa ba a lokacin yakan ɗauko shi a kan mumbari. Waziri ya san abin da yake gudu. Ya yi minista a Jamhuriya ta Farko, ya ga zamanin NPC da NEPU, lokacin da katin jam'iyya kan kai mutum gaban alƙali ya kwana a gidan yari, lokacin da dattawan Kano ke ba da labarin wa da ƙane da suka raba ƙofa saboda ɗaya ɗan Sawaba ne, wato NEPU. A ƙetaren iyaka ma haka abin yake. Djibo Bakary da Diori Hamani 'yan'uwa ne, amma ƙuri'ar raba gardama ta 1958 ta raba su, aka haramta jam'iyyar Sawaba a Nijar a 1959, magoya bayanta suka watsu, wasu gidan yari, wasu gudun hijira.

Taken Waziri bai kare ko mutanensa ba. A Janairun 1980 jami'an gwamnatin tarayya suka ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar dokokin Borno kuma ɗan GNPP, suka tsallakar da shi Chadi da cewa ba ɗan ƙasa ba ne, sai da kotu ta dawo masa da 'yancinsa. A Yunin 1981 majalisar Kaduna ta tsige Gwamna Balarabe Musa bayan ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa tun hawansa. A ranar 10 ga Yulin shekarar aka kashe Dokta Bala Muhammad a gidansa a Kano. A tsakanin nan PRP kanta, jam'iyyar su Balarabe Musa da Dokta Bala, ta dare gida biyu, 'yan santsi na bayan Abubakar Rimi, 'yan taɓo na bayan Malam Aminu Kano. Mutanen da suka sha ɗauri tare, suka yi waƙa ɗaya shekara talatin, sai ga shi ba sa gaisawa a ƙofar masallaci. Sunayen ma abin dubawa ne. Santsi da taɓo duk ruwa ɗaya ke kawo su.

Waƙa ta taka rawarta a duk wannan, kuma ba ƙaramar rawa ba. Bahaushe na da zambo da habaici tun kafin a san akwatin zaɓe. Makaɗin fada kan yabi sarkinsa ya kuma tsokani ɗan sarkin da ke neman gadon. Sai dai zambon fada yana da shinge. Ba a kama suna, ana sifanta mutum ne, wanda ya tsargu da shi ake. Mawaƙan NEPU irin su Gambo Hawaja da Mudi Sipikin sun ɗauki wannan makami sun juya shi kan masu mulki, a lokacin da yin hakan kan jawo ɗauri, kuma ina girmama su a kan haka. Abin da muke ji yau a lokacin kamfe wani abu ne dabam. Ana kama suna, a shiga iyaye, a shiga halittar mutum, a yi amshi mai daɗin da yaro ɗan shekara biyar zai haddace kafin ya haddace Fatiha. Sojojin baka su ɗora a rediyo da dare, da safe a yanko muryar a watsa a Facebook da WhatsApp. Mai shayi ya kunna, mai jar hula da aka zagi gwaninsa ya ajiye kofinsa ya tashi, daga ranar ya koma shan shayi a wata rumfar.

Su kuwa waɗanda ake yi domin su, ba kasafai suke riƙe gaba ba. Malam Ibrahim Shekarau ya fito daga ANPP ya shiga APC, ya koma PDP a 2014, ya dawo APC a 2018, ya shiga NNPP a 2022 ya haɗu da Rabi'u Kwankwaso wanda suka shekara kusan ashirin suna hamayya, kafin shekarar ta ƙare ya sake komawa PDP. Ba laifinsa nake gani ba, haka kusan dukkansu suke, kuma ɗan siyasa na da damar sauya sheƙa. Abin da ke ci mini rai shi ne wanda aka bari a baya: matashin da ya fasa wa maƙwabcinsa kai a ranar zaɓe saboda maigida, maigidan ya shirya da abokin hamayyarsa a Abuja cikin dare ɗaya, shi kuwa har gobe ba ya iya bi ta layin su wancan. Kwankwaso da Abdullahi Ganduje sun yi gwamna da mataimaki sau biyu, daga 1999 zuwa 2003, sannan daga 2011 zuwa 2015. A zaman makokin mahaifiyar Ganduje, a Maris 2016, ɓarakarsu ta fito fili. Ta'aziyya, wadda ita ce maganin gaba a wurinmu tun asali, ita ta zama mafarinta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ƙadangarun Kano sun sami wuri.

Duk da haka gabar Kano gaba ce ta mutanen da suka san juna. Za su haɗu a jana'iza, za su haɗu a ɗaurin aure, 'ya'yansu na aji ɗaya. Wadda ke hana ni barci tana Kaduna.

Wanda ya san Kaduna kafin 2000 ya san garin da Bahaushe ke haya a gidan Bajju, Bayarabe na maƙwabtaka da Bakataf, a aika da naman layya gidan da za a aiko da shinkafar Kirsimeti. Ba aljanna ba ce. Rikicin Zangon Kataf na 1992, wanda ya taso daga batun sauya wa kasuwa wuri, ya malalo har cikin birnin. Amma a ranar 21 ga Fabrairun 2000, kan batun shari'a, garin ya kama da wuta, ya sake kamawa a Mayu, aka rasa rayuka da ake ƙiyasta sun kai dubu biyu ko fiye. A Nuwamban 2002 aka sake, kan gasar sarauniyar kyau, mutum kusan 250 suka tafi. Bayan nan kowa ya ɗaure kayansa. Kirista ya bar Tudun Wada da Rigasa da Unguwar Sanusi ya tsallaka kogi zuwa Sabon Tasha da Television da Narayi da Unguwar Romi. Musulmi ya yi akasin haka. Wasu musayar gida suka yi, ka ba ni naka na arewa in ba ka nawa na kudu, wasu suka sayar a wulaƙance. Har akwai masu kiran ɓangare ɗaya Makka, ɗayan Urushalima.

Je ka tsaya kusa da babbar kasuwa da yamma, wajen ƙarfe biyar da rabi. Tun safe ana ciniki tare, mai atamfa ɗan Rigasa na ba mai ɗinki 'yar Sabo kaya bashi, ta kira shi Alhaji, ya kira ta Madam, ba takarda ba shaida. Da rana ta yi sanyi sai a fara jan ƙofofin shaguna, kwandastoci na ihu, wannan na kiran Kawo, wancan na kiran Sabo. Taron da ya wuni a cakuɗe sai ya tsage gida biyu ba tare da kowa ya ba da umarni ba. Kowa na duba agogo, domin ba a so magariba ta riski mutum a ɓangaren da ba nasa ba idan gari ya ɗan yi zafi. Alhajin da Madam ɗin sun yarda da juna a kan dubu ɗari biyu, amma babu wanda ya san ƙofar gidan wani.

Su dai sun taɓa zama tare, suna iya tuna sunan wani maƙwabci da ya ɓoye su ko ya raka su bakin titi. Yaron da aka haifa a 2001 fa? Yanzu ya isa aure, ya isa ƙuri'a, ya isa riƙe makami. Ya yi firamare da sakandare a unguwarsu tare da masu addininsa kaɗai. Bai taɓa cin abinci a gidan ɗaya ɓangaren ba, bai taɓa ganin tsohuwarsu na kuka a makoki ba. Abin da ya sani game da su a wa'azi ya ji, ko a waya, ko a bakin ɗan takara. Wannan ya gaji gaba amma bai gaji abokin ba. Ba shi da wanda zai je wa ta'aziyya, don haka ƙofar fitar da iyayensa ke da ita shi ba shi da ita. Zaɓen 2011 ya nuna abin da hakan ke haifarwa: cikin kwana uku aka kashe fiye da mutum 800 a jihohin Arewa, mafi yawa a Jihar Kaduna, a wurare irin su Zonkwa da Kafanchan.

Kakanninmu ba su da ƙarancin dabara a kan wannan. Suka ce faɗan da ya fi ƙarfinka mai da shi wasa, kuma suka aikata. Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, Bakano da Bazazzagi, Bakatsine da Banufe, Bafulatani da Batibi: kowanne na kiran ɗan'uwansa bawansa, a yi ta zolaya a kasuwa, kuma abin kunya ne wani ya yi fushi. Taubasai ma haka, har da karɓar kuɗin shara a watan cika-ciki. Da yawa daga cikin waɗannan wasanni a bayansu akwai tsohon yaƙi ko tsohuwar hamayya. Aka bar wa baki ya faɗi abin da hannu ya daina yi. Nijar ta ɗauki abin da muhimmanci har UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2014. Sai dai wasa na buƙatar fuska da fuska. Kalmar da Bagobiri zai faɗa wa Bayarabe a tashar mota a yi dariya, idan aka rubuta ta a intanet ga mutanen da ba su san juna ba, zagi ce tsagwaronta.

Labarin Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye an sha ba da shi, har an yi fim a kansa a 2006, amma akwai wurin da masu ba da shi kan yi saurin wucewa. A rikicin 1992 kowannensu na jagorantar matasan ɓangarensa. Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 wani ɗan jarida ya haɗa hannuwansu a wani taro a Kaduna ya ce su yi magana. Ba a ranar suka shirya ba. Wuye da bakinsa ya faɗa cewa ya yi shekaru suna aiki tare, suna kwana a masauki ɗaya, yana saƙa yadda zai rama. Cikin abubuwan da suka sassauta shi akwai zuwan da Ashafa ya yi duba mahaifiyarsa a asibiti, da zuwansa gaisuwa bayan ta rasu. Zumunta a ƙafa take, in ji masu magana, kuma ƙafar ce ta riga zuciya isa. Ni wannan tsakanin ne ya fi ƙarfafa mini gwiwa, shekarun da mutum ke zuwa alhali bai gama yafewa ba. Da sun jira sai zuciya ta yi fari tas kafin su zauna tare, da har yau ba su zauna ba.

Su ne suka yi ɗawainiyar yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna wadda malamai da limaman coci 22 suka sa wa hannu a ranar 22 ga Agustan 2002, zamanin Gwamna Ahmed Makarfi. Wata uku bayan nan aka yi rikicin Nuwamba. Ban faɗi haka don in rage darajar takardar ba. Yarjejeniyar Abuja ta Janairun 2015 da aikin kwamitin Janar Abdulsalami Abubakar da Bishop Matthew Kukah sun taimaka a zaɓen shekarar, kuma wayar da Goodluck Jonathan ya buga wa Muhammadu Buhari a ranar 31 ga Maris ta ceci rayukan da Allah kaɗai ya san adadinsu. Manya idan suka yi sallama a bainar jama'a, na ƙasa kan sami hujjar mayar da wuƙa kube. Amma sa hannu na rana ɗaya ne, gaba kuwa kullum ake ciyar da ita. A Yunin 2018, a ƙauyen Nghar na Barikin Ladi, Malam Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutum 262, galibinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana a shiga. Babu yarjejeniyar da ta umarce shi. Mutanen da ya shekara da shekaru yana gaisawa da su ne.

Akwai kuma gabar da gaisuwa ba ta isa ta kashe ba, kuma rashin adalci ne a ce wa mai ita ya yi haƙuri kawai. Matar da ta san wanda ya kashe mijinta, tana ganinsa yana yawo, har ya zama na hannun daman wani mai mulki, idan ta ƙi amsa sallamarsa ba ita ce mai laifi ba. Bayan kusan kowane rikici gwamnati kan kafa kwamiti, a saurari shaidu, a miƙa rahoto, a ɗauki hoto. Kwamitin Sheikh Ahmed Lemu, da ya binciki rikicin 2011, ya sa rashin aiwatar da rahotannin baya a sahun gaba na dalilan da ke sa abin ke maimaituwa. Idan hukuma ba ta hukunta mutum ɗaya da sunansa ba, jama'a sukan ɗora laifin a kan ƙabilarsa ko addininsa gaba ɗaya, su kuma bar wa 'ya'yansu wasiyya. A nan wanda ya kamata ya fara sallama ita ce hukuma, kuma sallamarta hukunci ne da diyya.

Sai wani abu da ba a cika kawo shi cikin zancen sulhu ba, alhali a ganina yana tsakiyarsa. A Kakuri ta Kaduna aka buɗe masaƙar KTL a 1957, daga baya UNTL da Arewa Textiles da wasunsu suka biyo, dubban mutane na shiga da fita dare da rana. A bakin injin babu wanda ke tambayar inda kake salla. Idan zare ya tsinke na kusa da kai ne zai taimaka maka. Ƙungiyar ƙwadago ɗaya suke, yajin aiki ɗaya, adashi ɗaya, mai abinci ɗaya ke bin su bashi zuwa ƙarshen wata. A nan Adams Oshiomhole, ɗan Edo, ya fara jagorantar ma'aikatan da yawancinsu ba yarensa suke ji ba. KTL ta rufe a 2002, shekarar rikicin Nuwamba, UNTL ta bi baya a 2007. Garin ya rasa albashi, ya kuma rasa wurin da dole ke haɗa mutanensa. Gwamnonin Arewa sun sha alkawarin tayar da masaƙun, kuma ana auna alkawarin da yadin atamfa da yawan guraben aiki. Ni da wani ma'aunin nake dubansa. Idan masaƙa ba za ta tashi ba, a nemo wani abin, makaranta ce ko ma'aikata ko asibiti, da zai sa ɗan Rigasa da ɗan Sabon Tasha su yi sa'a takwas a ɗaki ɗaya, kwana biyar a mako, albashinsu na fitowa daga aljihu ɗaya.